Hijabin da Inji Ya Ci

Saura ƙiris in fasa rubuta labarin nan, don duk sanda na ɗauki biro sai kunya ta rufe ni a madadin Hasiya. Amma ita da bakinta ta ce a rubuta, to ga shi.

Ranar da Hasiya ta fara aiki a gidan casar shinkafa na bayan kasuwar Bodinga, kanta a sunkuye ta shiga. Aikinta tarar shinkafa a bakin inji da ɗura ta a buhu. Hijabinta shuɗi ne har ƙasa, irin wanda mahaifinta Malam Garba ke alfahari da shi a unguwa.

Wani dogon saurayi, hannuwansa duk baƙin mai, ya tsaya daga nesa ya yi mata sallama. Lirwanu ne ɗan Shagari, mai kula da injin.

"Ƙanwata, ki tattare hijabin ga ki ɗaure ga ƙugu. Bel ɗin da ke juya injin ga bai san mutum ba."

Matan wurin suka kwashe da dariya. Inna Fatu, wadda ta fi kowa daɗewa a aikin, ta ce, "Malam Hattara ya hwara wa'azi! Kai yaro, tun kana goye muke aikin ga da hijabanmu, mi yat taɓa mu?"

Hasiya ta ɗago, idonsu ya haɗu, ta yi saurin mayar da kai ƙasa. Ba ta ɗaure ba. Ta yaya za ta ɗaure ƙugu a gaban maza?

Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo wayarta:

"Assalamu alaikum Hasiya. Lirwanu ne mai inji. Ba hijabinki nike ƙi ba, mai shi nike tsoron rasawa."

Ta karanta a hankali, ta sake karantawa, fuskarta na zafi. Sai da yamma ta iya amsawa:

"Na gode. Kunya nike ji."

"To daga yau sunanki Mai-kunyata."

Tun daga nan ya fara zuwa zance ƙofar gidansu. Shi ke magana, ita tana wasa da bakin tabarma.

"Mai-kunyata, yau ma ƙasa za ki kalla? Ni ba a ƙasa nike ba hwa."

"Kai dai, Malam Hattara," ta ce, tana rufe baki da hannu.

Komai ya roƙa tana yi, ban da ɗaure hijabi.

Lirwanu ya ƙera wa bel ɗin murfi na ragar ƙarfe. Amma Ashiru mai ɗinke buhu, wanda shi ma ya daɗe yana son Hasiya, yakan cire murfin ya jingine, wai yana hana shi mayar da bel da sauri in ya goce. Burgewarsa ke nan, mayar da bel inji na gudu.

Wata safiya kwanon awo ya suɓuce wa Hasiya. Ta sunkuya za ta ɗauka. Ji kawai ta yi an fizge ta ta wuya, hijabin na naɗewa a bel ɗin da ba murfi, numfashinta ya ɗauke. Lirwanu ya yi tsalle ya kashe injin, ya zaro wuƙar yankan igiya ya tsarga hijabin daga wuya.

Ta samu kanta zaune a cikin ƙaiƙayi, kai ba ɗankwali, kitsonta a waje, maza sun yi cirko-cirko. Lirwanu ya juya mata baya, ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙo ta baya ba tare da ya waiwayo ba.

Ba ciwon wuyan ya fi ƙona ta ba, idanun mutane ne. Ta tattara yagaggen hijabin ta gudu gida, ta cusa shi ƙasan akwati, ta ce wa innarta zazzaɓi ne. Ba ta sake komawa aiki ba.

Ashiru kuwa ya san wanda ya cire murfin, sai ya riga kowa zuwa wurin Malam Garba.

"Allah shi gafarta Malam, yaron ga na Shagari kullum sai ya ce mata su ɗage hijabi. Yau har wuƙa yas sa ma na ɗiyarka gaban jama'a."

Da kawunnan Lirwanu suka zo daga Shagari neman aure, ko tabarma ba a shimfiɗa musu ba.

"Wanda bai san darajar sutura ba, ba ni ba shi ɗiyata," in ji Malam Garba.

Saƙo ya sake shigowa:

"Mai-kunyata, Baba ya maido kawunnaina. Ban hwaɗi abin da ya hwaru ba, don sirrinki ne ba nawa ba. In kin ce in haƙura, zan haƙura. Ki dai riƙa shafa ma wuyan man kaɗe."

Ta yi ta kuka. Ta san kalma ɗaya daga bakinta za ta wanke shi, amma ta yaya za ta dubi Baba ta ce maza sun ga kanta?

Tana cikin wannan hali ƙawarta Ladi ta leƙo da murna, ta ce an ba ta gurbin Hasiya a bakin inji. Hasiya ta dubi hijabin Ladi yana sharar ƙasa, ta tuna bel ɗin injin.

Bayan la'asar ta buɗe akwati. Ta durƙusa gaban mahaifinta, ta shimfiɗa hijabin a gabansa, yagagge, duk baƙin mai. Sannan ta ja wuyan mayafinta kaɗan, ya ga shatin da ya zagaye maƙogwaronta.

"Baba, inji ne yac ci shi. Ya sha ce min in ɗaure, kunya ta hana ni. Da bai yanke ba, da gawata aka kawo maka. Ko kallona bai yi ba, Baba, baya yab ba ni."

Malam Garba ya daɗe yana juya ƙyallen a hannunsa. Sannan ya ce:

"Na kori baƙi ban bincika ba. Tashi, ɗiyata. Kunyar ga tawa ce."

Washegari ya sa ta gaba har gidan casar. Ya ce Lirwanu ya tada inji, sannan shi da kansa ya ɗauki tsohon buhu ya kusantar da bakinsa ga bel. Kafin ƙiftawar ido buhun ya bar hannunsa.

"'Yan'uwana mata," in ji Malam Garba, "ɗaure hijabi ga wurin aiki ba tsiraici ne ba. Rai amana ne, za a tambaye mu."

Inna Fatu ce ta fara tattare nata ta ɗaure tamau. "To, Malam Hattara, ka ci mu," ta ce, ba ta dubi kowa ba. Ladi ta bi. Ashiru ya ɗauko murfin da kansa ya mayar, gumi na tsiyayar masa.

Malam Garba da kansa ya shiga mota zuwa Shagari ya ba kawunnan Lirwanu haƙuri. Bayan an kawar da amfanin gona aka ɗaura aure. Da Malam Garba zai sallami amarya ya dafa kanta ya ce, "Allah shi yi maku albarka. Yadda ya tsare rayuwarki, Allah shi tsare tashi, shi ba ku zuri'a tagari." Mata suka rangaɗa guɗa, aka kai ta ɗakinta.

Da safe, lallen hannunta ko dushewa bai fara ba, Hasiya ta buɗe akwatin da aka kawo ta da shi. Ta wuce atamfofi da turaruka, ta zaro shuɗin hijabin nan daga ƙasa ta miƙa wa mijinta.

"In ka koma aiki, ka buga ƙusa kusa da bel ka rataye shi."

"Mai-kunyata, kowa zai san naki ne hwa."

Ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba. Sannan a hankali ta ɗago ta dube shi cikin ido.

"Su sani," ta ce.