Mai Kama Jemage

Ta tagar ɗakin gwaji ta fara ganinsa, rungume da akwatin ƙanƙara, takalminsa duk kashin jemage. Aikinsa shiga kogo ya ɗebo yawun namun daji, ita kuma ta ciro RNA daga ciki, wato siririn zaren da ƙwayar korona ke hayayyafa da shi.

"Karɓi da sauri, Malama, abin nan ba ya son zafi."

"Ni ma haka," ta ce.

Tun ranar ta zama 'Yar Sanyi, shi kuma Jemagena.

Da maganar aure ta taso, babanta ya ƙi. Annobar tari ce ta ɗauke matarsa.

"Na binne uwarki. Ba zan ba mai tono ciwo daga rami 'yata ba."

Duk da haka saurayin ya zo gaisuwa, tsohon ya hana shi hannu. Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da Baba, numfashi sai da ƙyar. Gwaggonta ta tafa hannu: "Ai ga sadakin da ya kawo mana!"

Ita ma zuciyarta ta raya mata haka, ta daina ɗaga wayarsa. Sai saƙo ya shigo:

"'Yar Sanyi, kar ki yarda da ni, kar ki yarda da su. Ki gwada. In daga wurina ne, ba za ki sake ganina ba."

Ta gwada yawun Baba, hawaye na jiƙa takunkuminta. Ƙwayar ba ta jemage ba ce. Irin wadda ke yawo a gari ce, daga bakin wannan zuwa na wancan. Mutum dai ya fi son a ce masa baƙo ne ya kawo masa ciwo.

A asibiti dangi suka tsaya iyakar ƙofa. Shi da ya saba da rigar kariya ya shiga, yana juya tsohon, yana goge masa baki.

"Yaro, cire abin fuskar nan in gan ka."

"Ba zan cire ba, Baba."

"Taurin kai kamar nata," in ji tsohon, yana haki. "Na ba ka. Ka riƙe ta."

Baba bai kai ranar bikin ba. Ƙaninsa ne ya ɗaura auren. Amarya ta zauna a kujerar babanta ta yi kuka har ta gaji, ango na tsugune a gefenta bai ce ta yi shiru ba.

Allah ya ji ƙan Baba, ya ba su zaman lafiya.