Kan Sarkin Jabiru a Cikin Leda

Ruwan sama ne ya koro shi rumfar babanta a kasuwar Yankara. Shafa'atu tana rufe buhunan masara ta ga saurayi ya shigo jiƙe sharkaf, ya rungume gwangwanin madara a cikin riga kamar jinjiri.

"Malam, kai ka jiƙe, gwangwani ya tsira," ta ce ƙasa-ƙasa. "Mi ke ciki haka?"

Ya buɗe mata. Kan sarki ne, irin wanda ake manna wa wasiƙa, kowanne da hoton dattijo kusa da tsuntsu ko fure.

"Mutane ne da suka ƙare rayuwarsu suna nazarin tsuntsaye da itatuwa, ƙasashensu suka karrama su. Kakana ya yi aikin gidan waya, shi ya tara. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu a bayan Sabuwa, su kaɗai na fito da su."

Sunansa Jabiru. Tun daga ranar bai sake fashin kasuwa ba, har ya sa mata suna Kurciyata.

Da ya nemi aurenta, babanta, Malam Audi, bai yi na'am ba. "Ba gona, ba ɗaki, sai takardu? Da an gama girbi zan kwashe iyalina mu koma Kankara. In bai kawo abin riƙe mace ba kafin nan, ya haƙura. Ga Abdulgafar mai injin niƙa yana ta sallama."

Ta kasa cin abinci. Sai ga saƙon Jabiru:

"Kurciyata, kada ki yi kuka. Na samu wani mai sayen kan sarki a Kaduna. Ya ga hotuna ya ce suna da daraja. Za su yi mana ɗaki da sadaki insha Allahu. Ki ajiye mini su, inda nake kwana yana yoyo."

Ya aiko mata da gwangwanin, amma ɗakinsu ma yana yoyo. Tsoro ya kama ta. Ta tuna yadda aka ƙona wa takardar firamarenta leda, ruwa bai ƙara taɓa ta ba. Ta je shagon kwamfuta a Faskari, aka jera su duka, aka liƙe su da injin zafi, suka fito suna ƙyalli.

Da murna ta miƙa masa a zaure. Ya daɗe yana kallo.

"Jabiru, ban yi daidai ba?"

"Kin kyauta," ya ce.

Ya ɗauki hoto ya tura Kaduna. Amsa ta zo suna tsaye, ita ma ta karanta: "Wa ya yi wanga aiki? Leda ba ta fita. Yanzu ko kyauta ba mai karɓa."

Daga ranar ya ɓace. Ta tura saƙo ya fi a ƙirga.

"Nawan, ka zage ni ma na ji daɗi. An fara yankan dawa. Don Allah ka ce wani abu."

Abdulgafar kuwa ya zo ya faɗa wa Malam Audi cewa yaron ya gudu. Da Malam ya tsare ta, ta fashe da kuka ta faɗi komai.

"Baba, ni na kashe masa dukiya. Da hannuna."

Malam Audi ya hau babur. Ya yi ta tambaya har garin Ruwan Godiya. A can ya samu Jabiru a gonar wani yana ƙodago, tafin hannunsa duk ya fashe. Wayar ma ya sayar.

"Kai, ɗiyata ta ɓata maka gado, shi ya sa ka gudu?"

Jabiru ya durƙusa. "Baba, ban gudu ba, sadaki nike nema kafin ku tashi. Don Allah kada a yi mata faɗa. Ni ne ban gaya mata ba su son zafi ba. Daga ruwa ta tsare mini su."

Malam ya daɗe yana dubansa. "Ko kalma ɗaya ba ka gaya mata ba?"

"Na ce ta kyauta."

"Tashi ka hau. Ɗan abin da ka samu ya isa sadaki. Ina buƙatar mai tsaya mini a rumfa a Kankara. Wanda aka yi wa wagga asara bai ɗaga murya ba, shi zan ba ɗiyata."

Da ta gan shi a bayan babur, Shafa'atu ta zube a ƙofar gida tana kuka tana dariya.

An ɗaura aure kafin a ɗaure kaya. A ɗakinsu na Kankara, Jabiru ya kafa ƙusa ya rataye ledar a saman gado. Ta rufe fuska don kunya.

"Cire ta mana, Nawan."

"Ina! Da kin bar su lafiya, da yanzu suna Kaduna. Ke kika sa kakana ya zauna tare da mu."

Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuri'a mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.