Sanda a Hannun Mama Rumisha

"Karɓi zobenki ki ajiye, Aikande... Mama ta rantse ba za a yi auren nan ba!"

Aikande ta dubi Rumisha, hawaye na zuba.

"Haba masoyina! Me na yi mata?"

"Siaeli ta ce mata hanyar ruwan da za ku fitar ta kan kabarin Baba za ta bi."

Ai kun san Siaeli, jikokina, tun suna yara take son yaron nan. A shekarar nan, ruwan dutsen Kilimanjaro ya ja baya, ayabarmu na bushewa. Aikande ce ke tara mu gindin bishiya, kowane gida ya zana a ƙasa inda yake so ruwa ya bi, da inda za a dasa itatuwa. Gida ɗaya ya rage, na su Rumisha, kuma ta gonarsu ruwan zai gangaro.

Ranar taro Aikande ta tsinko ganyen isale ta ƙulle shi. A wurinmu wanda aka miƙa wa wannan ganye ba ya ƙin saurare, ko me aka yi masa.

Ta je ta durƙusa a ƙofar tsohuwar, uwar Rumisha.

"Mama, ba aure na zo roƙo ba. Ki zo taro kawai."

"Ji makira! Da ganye za ki kama ni?"

Amma ta yafa zanenta ta biyo ta, tana mita har gindin bishiya.

Aikande ta miƙa mata sanda.

"Ba a ja layi ko ɗaya a gonarki ba, Mama. Inda kika zana, nan ne. In kin ce a'a, a'a ce."

Tsohuwa ta dubi ƙasa, ta juya ta harari Siaeli, wadda ta sunkuyar da kai.



Sai tsohuwa ta ja layi a hankali, ya bi dab da kabarin ya wuce.

"Mama! Kusa da Baba?" in ji Rumisha.

"Rufe min baki! Shi ya haƙa tsohuwar hanyar da hannunsa. Tun da ta toshe nake so ya sake jin ƙarar ruwa, ba wanda ya taɓa tambayata."

Ta dungure wa ɗanta kai da sandar.

"Kai kuma sakarai, ka riƙe zobenka! Surukata ta gaji da durƙuso."

Ranar bikinsu, da ruwan hanyar nan muka dafa ayaba.