Rabin Muryar Habibullah

"Na ce ki saurara, Munira!"

Alhaji Dalhatu ya dangwarar da waya a kan tabarma. Muryar Habibullah ce ke fita cikin Turanci, a natse.

"Sa'idu ya fassara min tsaf. Yaron da kike so ne ke cewa jam'iyyata ta gaza! Ni da nake shugaban mazaɓa a garin nan na Gumel!"

"Baba, wallahi rabi ne..."

"Yi min shiru! Yau zan sallame shi."

Shekara biyu ke nan Munira tana koyar da Turanci ta waya. Kullum da safe takan tura wa ɗalibanta labarin siyasar ranar, kuma dokarta ɗaya ce: kowa ya yi minti ɗaya yana suka, minti ɗaya yana karewa. A nan ta san Habibullah, direban babbar mota, wanda ke yin darasinsa a layin jiran tsallaka iyaka a Maigatari. Shi kuwa Sa'idu, ɗan ƙanwar Alhaji, ba karatu ya kai shi ajin ba, Munirar yake so. Sai ya yanko mintin sukan da Habibullah ya yi, ya kawo wa Alhaji.

Ta kira Habibullah tana kuka.

"Masoyina, ka zo da cikakken sautin..."

"Share hawayenki, sanyin idona. Bakina ya isa."

Bayan la'asar ya durƙusa a zaure, Sa'idu na gefe yana murmushi, ita kuma ta laɓe a bayan ƙofa.

"Kai ne mai zagina da Turanci?"

"Ranka ya daɗe, aikin aji ne. A ba ni minti ɗaya in yi ɗaya rabin, da Hausa."

Ya fara. Ya kawo hujjojin jam'iyyar Alhaji ɗaya bayan ɗaya, maganar taki, maganar ruwan sha, har da dalilan jinkirin ayyuka, waɗanda Alhaji kansa ya sha kame-kame a kansu a wurin taro. Munira ta dafe ƙirji. Ikon Allah! Wannan ne mutumin da ya fice daga aji a makon farko don an ce ya kare abin da bai yarda da shi ba? Mamaki da so suka cika ta.

Alhaji ya dube shi.

"To a cikin biyun, wanne ne ra'ayinka na gaskiya?"

Munira ta runtse ido. Ka ce na biyu, don Allah ka ce na biyu...

"Na farkon, Baba. Ba jam'iyyarku zan zaɓa ba."

Sa'idu har da gyara zama, bawan Allah.

"Shekara talatin ina siyasa," in ji Alhaji a hankali. "Duk mai neman abu a hannuna ɗan jam'iyyata ne, har sai ya samu. Ban taɓa ganin wanda ya zo neman 'yata ya hana ni ƙuri'arsa ba."

Ya juya wajen ƙofa.

"Munira, na san kina nan. Kawo wa baƙo ruwa."

Ta fito, hawaye na zuba, da kofin ruwa a hannunta.

"Yaro, ka turo manyanka ranar Juma'a. Ƙuri'arka kuwa, riƙe abarka."