Fassarar Ɗanjuma

"Yaya Ɗanjuma, duba min nan! Me ya ce da ni?"

Saude ta miƙa masa wasiƙar. Daga Malam Hamman ce, malamin firamaren Ba'awa da ke nemanta. Duka da Hausa ya rubuta, sai kalma ɗaya ta Turanci da ya ja wa layi: whimsical.

Ɗanjuma ɗan kawunta ne, karen mota a hanyar Bebeji zuwa Kano. A aji biyu na sakandare ya ajiye boko, bai taɓa jin kalmar ba. Abin da ya sani kawai, shi ma yana sonta.

"Ina jin nauyin faɗa..."

"Faɗa mana!"

"Mai taɓin hankali yake nufi."

Saude ce fa, mai ɗaura wa zabin gidansu ƙyalle ta yi musu bikin suna, mai nuna gajimare ta ce giwayen Falgore ne za su kasuwa. Ran nan ta mayar wa Malam wasiƙarsa a yage. Da aka canja masa wurin aiki zuwa Doguwa, ko sallama ba ta yi masa ba.

Da Ɗanjuma ya fito neman aurenta, mahaifiyarta, Inna Kande, ta ƙi shi da fari.

"Yaron da ba ya zama wuri ɗaya?"

Amma zumunci ya rinjaya, aka sa rana bayan girbi.

Sai dai Saude ta daina dariya.

"Sahibata, kalli sama, me kike gani?" in ji Ɗanjuma.

"Hadari ne. So kake a ce haukata ya tashi?"

Abin ya dami Ɗanjuma. Wata rana a Kano ya roƙi wani mai sayar da littattafai ya duba masa ƙamus.

"Mai wasa da tunani ke nan, mai ƙago abin ban sha'awa da ba wanda ya zata," in ji mutumin. "A bakin masoyi, yabo ne."

Bayan la'asar ya same ta a zaure.

"Ƙarya na yi miki, Saude... Yabonki Malam ya yi."

Hawaye suka zubo mata.

"Wata bakwai ina kame bakina, ina tsoron kaina!"

"Tsoron rasa ki ne. Ki yafe min, don Allah."

"Na yafe. Amma gobe ka hau motar Doguwa, ka faɗa masa da bakinka."

"In ya dawo fa?"

"In ya dawo, ya dawo."

Ɗanjuma ya je. Malam ya dawo.

Ranar kai amarya gidan Malam, Ɗanjuma ne ya loda kayanta a saman mota, ya ɗaure su tamau. Guɗa na tashi, ya buga jikin motar.

"Mu je, direba."