Kwanuka Uku a Bayan Tanki

Wata huɗu ke nan da wata yarinya da mahaifiyarta suka baro ƙauye suka koma birnin Santiago. Har yanzu yarinyar ba ta da ƙawa ko ɗaya. Ranar da ta fara zuwa makaranta, Yudelka, jikar maƙwabciyarsu, ta kwaikwayi maganarta ta ƙauye. Yara suka yi ta dariya. Tun daga ranar ta kama bakinta, ita kaɗai take cin abincinta a gindin mangwaro.

Da Juma'ar Ista ta zo, mahaifiyarta, wadda take kira Mami, ta ɗora babbar tukunya tun da sassafe. Ta dafa jan wake, ta niƙa, ta tace. Ta zuba madarar kwakwa da sukari da dankali da kirfa da kanumfari. A ƙasarsu kowa ya sani, ba a shan kunun wake na Ista a ɓoye. Ka aika wa maƙwabta naka, su dawo maka da kwanonka cike da nasu.

Mami ta cika kwano uku, ta jera ƙananan biskit a kai.

"Kai wa maƙwabta. Ki fara da Doña Tomasina, kakar Yudelka. Ki gaishe ta da kyau."

Yarinyar ta isa bakin ƙofa, sai ta jiyo dariyar Yudelka daga ciki. Ta juya da sauri, ta zagaya bayan gidansu, ta ɓoye kwanukan a bayan tankin ruwa.

"Kin kai?"

"Na kai, Mami."

Mami ta share baranda, ta sa rigarta mai kyau, ta zauna tana jira. Yara suna ta wucewa da kwanuka a rufe. Ba wanda ya ko kalli ƙofarsu. Rana ta take, rana ta karkata, shiru.

"Ko sukarin ne bai ji ba?" in ji Mami a hankali. "A ƙauye, war haka babu wurin ajiye cokali a teburinmu."

Ta goge ido da bakin riga. Yarinyar ta ji kamar ta nutse a ƙasa. Ashe ba ita kaɗai kaɗaici ke damu ba.

"Mami, ban kai ba," ta ce tana kuka. "Tsoron dariyarsu nake ji."

Suka je bayan tanki. Kunun ya yi tsami a rana, tururuwa sun yi dandazo a kai. Aikin wuni guda ya tafi a banza.

"Yau rana ce mai tsarki, ba ranar ɗaga murya ba ce," in ji Mami. "Amma ke kika ɓata, ke za ki gyara."

Ta kankare gindin tukunya, da ƙyar aka sami kofi ɗaya. Yarinyar ta ɗauka, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar Doña Tomasina. Ta gaishe ta, ta faɗi gaskiya tsaf.

"Ikon Allah!" in ji tsohuwar. "Tun safe ƙamshinku ke azabtar da ni. Har na ce mutanen nan rowa gare su. Yudelka! Ke mai bakin aku, zo ki ga abin da kika jawo!"

Yudelka ta fito tana sunkuyar da kai. "Yi haƙuri. Wasa nake yi fa. Ni na ɗauka ke ce ba kya son mu."

Ta ɗanɗana cokali ɗaya, ta zaro ido. "Kaka, nasu ya fi naki daɗi!"

"Ji mini marar kunya! Kama mini tukunyar nan, mu je."

Mami na zaune ta ga tsohuwa tafe, yara biyu na riƙe da tukunya a bayanta.

"Maƙwabciya, fito da kujeru," in ji Doña Tomasina. "Yau sai kin gaya mini abin da kike sakawa."

Har magariba ana hira a barandarsu. Daga ranar yarinyar ta gane cewa ɓoye saƙo da yin ƙarya ba sa maganin tsoro. Mai son abokai, dole ya daure ya ƙwanƙwasa ƙofa.