Mai Dubiyar da Ta Zo da Wuri

Ni ce sakatariyar ɗakin jinya na mata. Allura da ƙarin ruwa aikin nas-nas ne, nawa kuwa fayil, waya da rabon gado. Babbar nas ɗinmu, wadda muke kira Anti, ita ta koya mini aikin.

Ranar, gab da magariba, 'yan dubiya sun watse, sai na ji ƙamshin ƙasar da aka tona. Ina ɗagowa, ga wata dattijuwa a gaban teburina. Ban ji an buɗe ƙofa ba.

"'Yata, a wane gado aka kwantar da babbar nas?"

Sai da ta rufe baki sannan muryar ta iso kunnena.

"Mama, ai ba majinyaciya ba ce. Ga ta can tana raba magani."

"To, zan jira."

Ta zauna a bencin nan da kullum yake ƙara. Ko ƙis bai yi ba.

Can Anti ta zo ta dafa teburina, gumi yana tsattsafo mata.

"Ƙanwata, duba mini, akwai gadon da ba kowa? Ƙirjina ne ya riƙe."

A bayanta, dattijuwar ta miƙe tana gyara mayafi.